Tarihin Jira a Hanyar Kano zuwa Wudil, daga Mafitar Kogi zuwa Lissafin Kwamfuta

Mafari

Masu rubuta tarihin hanyoyi sun saba da ambaton rana biyu, watau ranar da aka ba da kwangila, da ranar da manya suka taru aka yanke ƙyalle aka buɗe hanya. Abin da ke tsakanin waɗannan ranaku kuwa ba safai a kan kula da shi ba, alhali a nan ne talaka ya ke biyan nasa kuɗin hanya. Ba da tsaba ya ke biya ba, da sa'o'in ransa ya ke biya, yana zaune cikin mota a bakin wurin aiki, ƙura na tashi, rana na duka. Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin wannan jira a hanyar da ta tashi daga Kano ta ratsa Wudil ta nufi gabas, a ga wanda jiran ya faɗa wa a kowane zamani, da wanda ya ƙidaya shi, sa'an nan a duba yadda masana suka koyi lissafa shi da kwamfuta, da abin da wannan lissafi zai iya yi mana.

Mun zaɓi mu dubi al'amarin da idon mutumin Indabo, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Wudil, tare da irin su Utai da Achika da Darki da Lajawa da Kausani. Mutumin Indabo ba shi ke ba da kwangila ba, ba shi kuma ke auna hanya ba. Amma in zai kai hatsi Dawanau, ko ya sayo yadi a Kantin Kwari, ko ya kai majinyaci babban asibiti a birni, tilas ya bi ta Wudil ya haye kogi. Duk abin da ya tsai da wannan hanya ya tsai da shi.

Zamanin fatake

Garin Wudil yana bakin kogi, kimanin kilomita 40 kudu maso gabas da Kano. Kogin nan shi ne wanda ya samu bayan Kogin Kano da Kogin Challawa sun haɗu, ya gangara ya nufi Haɗejiya. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, halinsa irin na sauran kogunan ƙasar Hausa ne: da rani ya janye sai rairayi, da damina ya cika ya batse. Saboda haka jira na fari da matafiyi ya sani a wannan wuri shi ne jiran ruwa. Da rani a ratsa da ƙafa, jaki da kayansa. Da damina kuwa sai a sauke kaya a gaɓa, a jira masu fito, a biya ladan fito, a ƙetarar da mutane da kaya kaɗan kaɗan, dabbobi su bi da iyo.

Abin lura a nan shi ne fatake sun san farashin jira sarai, don kuwa daga aljihunsu ya ke fita. Kowane kwana da ayari ya ƙara a zango, guzuri ne ya ragu, da harawar dabbobi, da abin da za a ba mai masauki. Aikin madugu da jagaba ke nan su san wace mafita ce ta cika, wace ce ta janye, da ranar da ta kamata a tashi don a riski kasuwa. Watau dai madugu yana riƙe da lissafin hanya duka a kansa. Tafiyar kuwa da kwanaki a ke auna ta. Baturen nan Clapperton ya tashi daga Kukawa ran 14 ga Disamba 1823, ya biyo ta Katagum, bai shiga Kano ba sai ran 20 ga Janairu 1824, ko da ya ke ciwon abokin tafiyarsa, Likita Oudney, wanda ya rasu a hanya, ya rage masa sauri. A irin wannan zamani ne karin maganar nan ya ke da cikakkiyar ma'ana, da a ke cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Zamanin Turawa

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. Ba da daɗewa ba aka umurci hakimai su bar birni su koma su zauna a gundumominsu, Wudil kuwa ta zama mazaunin Makaman Kano. Cikin ayyukan da aka ɗora wa hakimi da dagatansa har da share hanya da gyaranta. Dagaci ya tara samarin gari da fartanya da kwando, a sare kututture, a cike kwazazzabo, a zuba marmara. Wannan aikin tilas ne, ba a kuma fara taƙaita shi da doka sosai ba sai bayan yarjejeniyar duniya ta 1930 a kan aikin tilas, da dokar da Gwamnatin Nijeriya ta kafa a 1933. To, a wannan zamani talakan ƙauye ya biya kuɗin hanya sau biyu: ya ba da ƙarfinsa aka gina ta, ya kuma bar gonarsa tana jiransa.

Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa kuma ya buɗe a 1912. Daga nan hanyoyin da ke shiga Kano suka zama magudanar gyaɗa zuwa tashar jirgi, da fari bisa jakuna da raƙuma da takarkarai, daga baya kuma cikin manyan motoci. Da motar ta zo sai ta zo da sabon irin jira. Hanyar burji ba ta jure wa nauyi in ta jiƙe, don haka a wurare da yawa na Arewa a kan gitta shinge in an yi ruwa mai yawa, a tsai da manyan motoci sai ƙasa ta tsane. A manyan gadojin dogo kuma, irin ta Jebba da ta Makurɗi wadda aka buɗe a 1932, mota da jirgin ƙasa gada ɗaya suka yi tarayya a kai, sai wani ya wuce wani ya hau.

Dalilin shingen nan a fili ya ke: gyaran hanya kuɗi ne da ke fita daga baitulmali, a rubuta shi a littafi, Razdan ya gani, ya yi tambaya. Kwanan da direba da fasinja suka yi a bakin shinge kuwa ba ya shiga littafin kowa. A nan ne aka raba abin da madugu ya haɗa. A da mai lissafi shi ne mai jira. Yanzu mai lissafi yana ofis, mai jira yana bakin hanya. Wannan rabuwa ita ce ginshiƙin tarihin da mu ke bi.

Bayan mulkin kai

Bayan 1960 nauyin da ke kan hanyar ya yi ta ƙaruwa. Dogon Barno da ya isa Maiduguri a 1964 ta Bauchi da Gombe ya bi, bai biyo ta Kano ba, saboda haka mai zuwa Maiduguri daga Kano galibi mota ce abin hawansa. A 1967 aka ƙirƙiri jihohi, Kano da Maiduguri suka zama manyan biranen jiha. Ran 2 ga Afrilu 1972 ƙasar ta koma tuƙi a hannun dama. A 1991 aka fid da Jihar Jigawa da hedkwata a Dutse, da Jihar Yobe da hedkwata a Damaturu, ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙa kai da kawowa. A Wudil kanta ga Makarantar Horon Manyan 'Yan Sanda, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Bisa duk wannan ga kasuwar Juma'a, wadda karar shanunta ta yi suna ko'ina a Nijeriya. Hanyar Gaya da Dutse, da ta Birnin Kudu, da ta ƙauyukan Garko da Sumaila, duk a Wudil su ke haɗuwa kafin su haye kogi.

A 2006, zamanin Shugaba Obasanjo, Gwamnatin Tarayya ta ba da kwangilar mai da hanyar Kano zuwa Maiduguri tagwaye, tsawon fiye da kilomita 500. An raba aikin kashi 5: Kano zuwa Wudil zuwa Shuwarin, Shuwarin zuwa Azare, Azare zuwa Potiskum, Potiskum zuwa Damaturu, da Damaturu zuwa Maiduguri. Kuɗin da a ke warewa cikin kasafin shekara bai kai girman aikin ba, aiki ya riƙa tafiya yana tsayawa. A 2017 aka fito da takardun bashi na Sukuk na naira biliyan 100 don hanyoyi 25, wannan hanya tana cikinsu. A ƙarshen 2021 aka buɗe kashi na biyu da na uku. A lokacin nan, shekara 15 bayan ba da kwangila, kashi na fari, wanda ya shafi mutanen Wudil, bai kammala ba. Yaron da aka haifa a Indabo shekarar da aka sa hannu ya isa shiga babbar sakandare.

Wanda ya san hanya mai aiki ya san siffarta. A rufe hannu ɗaya, a tura masu zuwa da masu dawowa su yi tarayya a ɗayan. A yi ratse ta cikin ƙura a kewaye kwalbati. Inda sabuwar kwalta ta ƙare a gangara tsohuwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan maƙogwaro ne, motoci su taru a bayansa. Tambayar ita ce, nawa ne wannan jira, kuma ana iya saninsa tun ba a fara aiki ba?

Yadda aka koyi ƙidaya jira

Ilmin lissafin layi ba a kan hanya ya fara ba. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, A. K. Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na Kwapanhagan, shi ya fara shi a 1909, yana neman sanin yawan wayoyin da za su ishi masu kira ba tare da dogon jira ba. A 1935 Bruce Greenshields na Amurka, wanda ya riƙa ɗaukar hoton motoci a hanyoyin Ohayo, ya nuna cewa gwargwadon yadda motoci suka matsu gwargwadon yadda gudunsu ke raguwa, har a kai wani matsayi inda hanya ba ta iya ɗaukar ƙari. A 1950 aka buga littafin farko na auna ƙarfin hanyoyi a Amurka. A 1955 Lighthill da Whitham na Jami'ar Manchesta suka fid da bincike mai kashi biyu, na fari a kan tafiyar ambaliya cikin dogayen koguna, na biyu a kan tafiyar motoci a hanya mai cunkoso, suka nuna lissafi ɗaya ke bayyana su duka. Wannan ba zai ba masuncin Wudil mamaki ba: in ruwa ya tarar da matsatsi sai ya taru ya koma baya. Haka cunkoso ya ke, motoci na nufin gaba, wutsiyar layi tana tafiya baya.

A shekarar nan ta 1955 Daniel Gerlough a Kalifoniya ya gwada kwaikwayon tafiyar motoci cikin kwamfuta. Daga baya aka yi manhajoji musamman don wuraren aikin hanya. Cibiyar nazarin sufuri ta Tekzas ta fid da QUEWZ a 1982, wadda ke lissafa tsawon layi da hasarar matafiya in an rufe hannu. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta fid da QuickZone a 2001. A Jamus kuma aka yi VISSIM a 1992 da SUMO a 2001. Manhajojin nan iri biyu ne. Na fari suna ɗaukar motoci kamar ruwa, su auna abin da ke shiga da abin da ke fita. Na biyu kuwa kowace mota a kan ba ta direbanta cikin na'ura, da irin ratar da ya ke bari, da yadda ya ke taka birki, da sa'ad da ya ke canja hannu, sa'an nan a sake su a ga abin da zai faru.

Amfanin ƙidayar ya bayyana ga abin da hukumomi suka yi da ita. A Ingila tun 1984 aka fara tsarin hayar hannun hanya, watau ɗan kwangila ya biya kuɗi bisa kowace ranar da ya wuce wa'adi yana riƙe da hanya a rufe, in ya gama da wuri kuwa a ba shi lada. A Amurka dokar 2004 ta wajabta a auna illar babban aiki ga matafiya, a tsara yadda za a bi da motoci, kafin a fara. Ta haka aka komar da jiran matafiyi cikin littafin mai lissafi.

Misali

Bari mu kawo misali da alƙaluman da muka ƙaga don bayani kawai. A ce ran Juma'a da hantsi motoci 900 ke isowa wurin aiki kowace sa'a, amma matsatsin 600 kaɗai ya ke iya fitarwa. Kowace sa'a 300 sun ragu a baya. In aka yi sa'a 3 haka, layi ya kai mota 900. In kowace mota da ratarta ta ci mita 8, tsawon layin ya zarce kilomita 7, wanda ya zo ƙarshe kuma zai yi sa'a ɗaya da rabi kafin ya fita. To, a ce daga nan masu isowa suka ragu zuwa 300 a sa'a. Layi ba zai watse nan take ba, don 300 kaɗai ke raguwa daga cikinsa kowace sa'a, sai an ƙara sa'a 3. Cikin sa'a 6 ɗin nan matsakaicin layi mota 450 ne, jimlar jira ke nan sa'a 2,700 na mota. In kowace mota tana ɗauke da mutum 8, sa'a 21,600 ke nan na ɗan Adam, daidai da yinin aiki 2,700 na sa'a takwas takwas, a wuri ɗaya, a rana ɗaya.

Darasin misalin shi ne ƙaramin gyara yana da babban tasiri. In aka daidaita ratse, aka sa mai tuta wanda ya san aikinsa, har matsatsin ya fid da 750 a sa'a, layin ba zai wuce mota 450 ba, zai kuma watse cikin sa'a ɗaya bayan masu isowa sun ragu. Jimlar jira ta sauko daga 2,700 zuwa 900, watau sulusi. In kuma aka ɗage rufe hannun daga Juma'a zuwa ranar da masu isowa ba su kai 600 ba, layi ba zai taru ba sam. Malamin lissafi na iya yin wannan a allo da alli. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne ta gwada tsari ɗari kafin a kafa ganga ɗaya a kan hanya.

Inda lissafin baƙi ya ke tuntuɓe

Amma fa kwamfuta abin da aka zuba mata shi ta ke niƙawa. Littafin Amurka na shekarar 2000 ya ɗauka hannu ɗaya a wurin aiki na ɗan lokaci yana fid da ƙananan motoci kimanin 1,600 a sa'a. An auno wannan a manyan titunan da ba babur, ba mai tura baro, ba dabba. Wanda ya ɗauko shi ya ɗora a kan hanyar Wudil ya yi awo da mudun wata kasuwa.

Abubuwan da lissafin hanyarmu ke bukata sanannu ne ga kowane ɗan kamasho. Akwai yawan tireloli da tankoki da motocin shanu, waɗanda ke jinkirin tashi in sun tsaya, in ɗaya kuwa ta lalace a matsatsi an rufe hanya ke nan. Akwai babura da a-daidaita-sahu masu kutsawa ta kowace kafa. Akwai halin direbobinmu in layi ya yi tsawo, wani ya fita ya bi hannun masu zuwa, waɗansu su bi shi, a yi kicibis, hanyar da ke tafiya sannu ta tsaya cik. Akwai masu talla da ke taruwa inda mota ta rage gudu, da motocin haya masu sauke fasinja a bakin kwalta, da shingayen jami'an tsaro. Akwai kuma kalandarmu: ranar kasuwa, sa'ar sallar Juma'a, kaka, jajibirin salla, da marka sa'ad da ratse ke zama taɓo.

Har wa yau akwai wata matsala da ta fi waɗannan zurfi. Manhajojin nan su kan mai da sa'a kuɗi, galibi bisa albashin matafiyi. In aka bi wannan, sa'ar manomin Indabo ba ta da daraja kusa da ta babban ma'aikaci. Amma sa'ar mai naƙuda da aka ɗauko zuwa asibiti fa, ko ta mai tumatir da rana ke dafa masa kaya, ko ta sa da ke tsaye cikin mota ba ruwa? Wannan ba tambayar injiniya kaɗai ba ce. Tambaya ce ta wanda ya san jama'a da sana'o'insu.

Kammalawa

Mun ga jira iri uku a wannan hanya. Jiran ruwa, wanda madugu ya lissafa don shi ke biya. Jiran shinge, wanda aka ɗora wa matafiyi don a tsare baitulmali. Da jiran aiki, wanda a kan kira na ɗan lokaci, amma ya kai shekarun da yaro ke girma. Na fari kaɗai ne mai lissafi da mai jira suka zama mutum ɗaya. Fa'idar kwamfuta a nan ita ce tana iya sake haɗa su, muddin an ba ta gaskiyar hanyar, hukuma kuma ta yarda ta sa sakamakon cikin sharuɗɗan kwangila.

Akwai aiki a nan ga masu nazarin Hausa da malaman kwalejojin horon malamai. Na ɗaya, tsofaffin direbobi da leburorin hanya da masu fito suna ƙarewa, labarinsu kuwa shi ne rabin tarihin da takardun ofis ba su ɗauka ba, ya kamata a je a ji daga bakinsu a rubuta. Na biyu, ƙidayar motoci ba ta bukatar kome sai agogo da takarda da wuri mai aminci nesa da kwalta. Ɗalibai na iya yinta Juma'a da Talata, rani da damina, su koyi lissafi da abin da ke ƙofar gidansu, su kuma tara abin da injiniyoyin jami'ar Wudil da na Jami'ar Bayero za su zuba wa na'ura. Na uku, ilmin nan yana bukatar kalmomi, da yawansu kuwa suna nan a bakin mutanen tasha, sai a tattara a tace.

Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Mutanen Indabo da maƙwabtansu sun riƙe rabin farko na maganar nan shekara da shekaru, sun yi haƙuri. Rabi na biyun, watau daɗewar, shi ne ya kamata a fara ƙidayawa, a rubuta, a ajiye gaban wanda zai sa hannu a kwangila ta gaba.